Jan Bakin Karan Dafi

"Hajiya ta ce ba ta yarda ba."

Shehu bai iya ɗaga kai ya dubi Saude ba da ya faɗi haka. Yana zaune a kan benci a zauren gidansu Saude da ke Tudun Wada, da rigar aikinsa ta matatar mai a jikinsa, ko gida bai biya ya sake kaya ba. Makullin babur ɗinsa yake ta juyawa a hannu.

Saude na tsaye jikin ƙofar shiga cikin gida, yatsunta jajur da garin rinin da ta baro tana tankaɗewa.

"Ai ba yau mahaifiyarka ta fara cewa ba ta yarda ba, Malam Shehu. Me ya ƙaru?"

"Na yau daban ne."

"Ina jin ka."

Ya nisa. "Wai an kai mata labari jan bakin nan da kike yi ba haka kika bar shi ba. Wai akwai abin da kike barbaɗawa a ciki, duk macen da ta shafa sai ta mallake mijinta. Ni kuma..."

"Kai kuma me?"

"Wai shi kika shafa kika kira sunana, shi ya sa ba na ji ba na gani. Ta ce sunan abin ma ya isa shaida. Karan dafi. Wace 'yar halak ce za ta kai dafi bakinta in ba da wata manufa ba?"

Saude ta yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo.

"Kai fa, ka yarda?"

"Haba, Saude!"

"Tambayarka na yi."

Sai a lokacin ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ranar da na fara ganinki ba ki daɗe da fita takaba ba. Ko kwalli babu a idonki, balle jan baki. Na gaya mata haka, ta ce wanda aka kama ai ba ya sanin an kama shi."

Saude ta dubi yatsunta. Wannan jan da ake zagi shi ne rufin asirinta.

Tun da mijinta na fari, direban babbar mota, ya rasu a hanyar Kachia, ta dawo gidan yayanta Garba ba ta da ko allura. Ana nan sai soja suka karɓi mulki, kayan waje suka ɗauke daga kasuwa. Sabulu ma sai an bi layi, balle jan baki. Amare suka koma aron na juna, ana ƙwaƙulo ragowar da tsinken ashana.

A lokacin ne ta tuna da kakarta a Zariya, matar baduku, wadda ke jiƙa karan dafi, wato jan ɓawon nan na jikin karan dawa, ana rina fata da shi. Ta fara gwadawa da zoɓo, ya yi baƙi a leɓe. Ta gwada majigi, ya yi tsakuwa-tsakuwa. Tukunya nawa ta zubar a kwata, Allah kaɗai ya sani. Sai da Rhoda, ƙawarta tun firamare, wadda ke aure a Narayi, ta kawo mata kakin zuma daga ƙauyensu, sannan abu ya kama. Yanzu babu amaryar da za a kai a Tudun Wada ba 'yan gwangwanayen Saude a cikin kayanta.

Ta goge hannu da gefen zaninta.

"Ka gaya wa Hajiya ina nan zuwa gaishe ta ranar Asabar da hantsi."

Shehu ya miƙe zumbur. "Ki rufa mini asiri. Ranar ina wurin aiki, kuma ba ki san Hajiya ba."

"Ita ma ba ta san ni ba. Labarina kawai ta sani."

Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba sai ga Yaya Garba ya fito daga ɗakinsa. Kallo ɗaya ta yi masa ta san ya ji komai.

"To, kin dai ji da kunnenki," ya ce. "Saurayi ɗan lele, ke kuma bazawara. Tun farko na gaya miki wannan ruwa ba sa'an kwando ba ne. Yau an ce kina asiri, gobe me za a ce?"

"Su faɗa, Yaya. Baki ai nasu ne."

"Ga Alhaji Lawal ya aiko ya sake aikowa. Mutum mai kanti biyu, ba mata a gidansa, ke kaɗai za ki zauna. Me kike nema kuma?"

"Alhaji ba ni yake so ba. Kantinsa ne ya bushe tun da aka daina shigo da kayan kwalliya. Hannuna yake so."

"To hannun ba a jikinki yake ba?"

Garba ya sassauta murya, ya zauna inda Shehu ya tashi.

"Saude, ki dube ni. Tun da aka sallame mu daga masaƙa kullum in fita in dawo hannu na dukan cinya. Ƙanwata ke ciyar da 'ya'yana, kina tsammani ina jin daɗi? Alhaji ya ce zai danƙa mini kantinsa na biyu. Ki taimake ni in ɗaga kaina a unguwar nan."

Hawaye suka zubo mata. Wannan yayan nata shi ya goya ta da iyayensu suka rasu, shi ya saya mata takalmin makaranta na fari.

"Yaya, in ka ce in riƙa kwana a bakin murhu don gidan nan, zan kwana. Amma don Allah kada ka ɗaura mini abin da zan zo ina neman kwancewa."

"Za mu gani," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

* * *

Ranar Asabar Rhoda ta iso tun da wuri, da dunƙulen kakin zuma a ƙulle cikin ganye.

"Ko gaban alƙali za a je, ni ce shaida," ta ce suna cikin bas ɗin Makera, unguwar su Shehu. "Babana da hannunsa ya ɗebo zumar nan. In akwai asiri a ciki, to ƙudan zuma ne bokayen."

Saude ta murmusa.

Sun tarar da tsakar gidan Hajiya Tabawa cike da mata. Ashe labari ya riga su isa, maƙwabta duk sun shigo da uzurin aron abu. Hajiya na zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa, doguwar mace mai ƙashin ɗanta sak.

Saude ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa.

"Ina kwana, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya." Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Hajiya, ba gardama ta kawo ni ba. An gaya miki magana a kaina, ni kuma ba ni da bakin rantsuwa da za ki yarda da shi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ki bar ni in haɗa jan bakin nan a gabanki, da turminki, da rariyarki, da wutar gidanki. Ban zo da komai ba sai kakin nan, shi ma a duba. Sauran kayan ki aiki wanda kika amince da shi ya sayo."

Matan suka dubi juna. Hajiya ta tsame wata tsakuwa daga cikin shinkafa ta yar.

"Jummai," ta ce da wata maƙwabciyarta, "je ki bakin kasuwa wurin 'yan koli ki sayo mata abin da ta ce. Mu ga ƙarshen rashin kunya."

Jummai ba ta daɗe ba ta dawo da damin karan dafi, da curin man kaɗanya, da kanumfari kaɗan a takarda.

Saude ta ɗaure gyalenta a ƙugu. Ta ɓare jan ɓawon ta kakkaɓe ƙura, ta ɗan gasa shi sama-sama a kasko har ya yi ƙaras, ta zuba a turmi. Ta daka, ta tankaɗe, ta sake dakawa, ta sake tankaɗewa da farin ƙyalle, har gari ya fito lukui kamar kwalli.

Ta ɗora tukunyar ruwa a kan gawayi, ta sa ƙaramin kwano a cikin ruwan, ta jefa man kaɗanya a ciki.

"Me ya hana ki ɗora shi kan wuta kai tsaye?" wata ta tambaya.

"Yana ƙauri, Inna. Leɓe kuwa kusa yake da hanci."

Aka yi 'yar dariya, sai aka tuna inda ake, aka haɗiye.

Da man ya narke ta zuba garin da kanumfari, tana juyawa da tsinke a hankali. Zufa na ɗiga daga haɓarta. Man ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja, ya ƙara ja, har ya yi kamar cikin kankana. Ta tace a ƙyalle, ta matse da yatsu duk da zafinsa, ta yanka kakin zuma ta sa don ya daskare. Rhoda na fifita wuta.

Duk wannan abin idon Hajiya na kan hannun Saude. Shinkafar ma ta daina tsinta.

Da ya huce ya kama jikinsa, Saude ta ɗauki kwanon ta je ta durƙusa a gabanta.

"Ga shi, Hajiya. Abin da ke ciki ke nan, tun ranar da na fara har yau."

Ta sa yatsa ta lakato da yawa, ta yi bisimilla, ta kai baki ta haɗiye.

"Wayyo!" in ji wata.

"Wayyon me?" wata tsohuwa ta ce daga gefe. "Karan dafin? Ai shi aka riƙa dafa mini ina sha da na haihu jini ya ƙare mini. Suna ne kawai ya ɓata shi."

Jummai ta matso ta lakata ta shafa, ta juya tana tambayar mata ko ya yi. Kafin ka ce kwabo yatsu sun yi yawa a cikin kwano.

"Ya isa!" Hajiya ta daka tsawa. "Kowa ta tafi gidanta. Ke ma," ta nuna Rhoda, "jira ta a zaure."

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar gawayi da ke mutuwa.

Hajiya ta daɗe tana kallon kwanon. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka, ba irin ta ɗazu ba.

"Na san babu komai a ciki. Tun kafin ki zo zuciyata ta gaya mini."

Saude ta ɗago da sauri.

"Da asiri ne da na ji daɗi, yarinya. Asiri ana karya shi. Malamai sun cika gari, da na sayar da ɗan kunnena an raba ku, kowa ya huta. Yanzu kin zo kin nuna mini a cikin hankalinsa yake son ki. To wannan wa zai karya mini?"

"Hajiya, me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba." Hawaye suka gangaro kan kumatun tsohuwar, ba ta share ba. "Duk 'ya'yan da na haifa ƙasa ta rufe su, sai Shehu. Shi kaɗai ne. Ubansa ya tafi bai ga jika ba. In Shehu bai haihu ba, gidan nan ya mutu, sunan ubansa ya mutu. Ke kuwa shekara nawa kika yi a ɗakin mijinki na fari?"

Saude ta sunkuyar da kai.

"Huɗu," ta ce a hankali.

"Ko ɓatan wata kin taɓa yi?"

"Ban taɓa ba."

"To kin gani."

Nan kukan da Saude ke dannewa tun safe ya ƙwace mata. Ta kifa kai a gwiwa tana shessheƙa. Babu wanda ya taɓa faɗa mata wannan maganar a fili, amma ta sha ganin ta a idon mutane, a gidan suna, a gidan biki, duk sanda aka miƙa mata jariri aka ce Allah ya kawo naki.

Da ƙyar ta ɗago.

"Hajiya, haihuwa ba a turmi ake daka ta ba. Da ana haɗa ta kamar jan baki, wallahi da na haɗa a gabanki yanzu kin gani. Ban san ko daga gare ni ne ba, ban san ko daga marigayi ne ba. Wanda ya sani bai gaya wa kowa ba."

"Ni kuma ba zan yi caca da ɗana ba. In da gaske kina son sa, ki bar shi."

"In bar shi in kai son ina?"

"Ki kai inda sauran mata ke kaiwa. Ki haƙura."

Saude ta share fuska da gefen gyale. Ta gyara durƙuso, muryarta ta daina rawa.

"Zan yi miki alkawari ɗaya, Hajiya. Ba zan shigo gidan nan kina kuka ba. Ba zan raba ɗa da uwarsa ba, ko shi ya ce in zo ba da yardarki ba, ba zan zo ba. Amma kada ki ce in cire shi daga raina, don ba ni na sa shi ba. Zan jira. Ranar da kika aiko zan zo. In ba ki aiko ba, haka zan zauna har Allah ya yi ikonsa."

Hajiya ta dube ta, wani abu kamar mamaki ya gilma a fuskarta.

"Ki jira? Ke da ake kai gaisuwar aurenki yau?"

"Gaisuwar wa?"

"Ta Alhaji Lawal mana. Ƙanwarsa ce ta zo nan ta zauna a inda kike, ita ta kawo mini zancen jan bakin. Ta ce in kwantar da hankalina, yayanki ya riga ya amsa, yau bayan azahar za a kai goro."

Saude ta ji ƙasa ta juya da ita. Ta dubi inuwar katanga, ta ga rana ta riga ta karkata.

Ko sallama ba ta iya yi ba. Ta suri takalminta a hannu ta yi zaure.

"Rhoda, tashi! Tasi za mu shiga."

* * *

Tun daga kan kwana ta hango farar Fijo a ƙofar gidansu, da takalman maza jere a bakin zaure.

Rhoda ta riƙo hannunta. "Ki bi ta ƙofar baya, ƙawata. Ki bari su watse, sai ki yi magana da Yaya."

"In suka watse an riga an shafa fatiha."

Ta fizge hannunta.

Zaure cike yake da dattawa. Ga ƙwaryar goro a tsakiya an lulluɓe da ganye, ga alewa, ga turmin atamfa. Alhaji Lawal bai zo ba, wakilansa ne, da limamin unguwa a kan buzu ya ɗaga hannu zai fara addu'a. Yaya Garba na gefe cikin babbar rigarsa ta sallah.

"Salamu alaikum."

Duk suka juyo. Mace a zauren maza, ba a kira ta ba, ido jajur, hannu jajur.

Ta durƙusa a gaban liman.

"Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa. Tambaya gare ni. Macen da ta taɓa aure, ana karɓar gaisuwarta ba a tambaye ta ba?"

Liman ya sauke hannu. Ya juya a hankali ya dubi Garba.

"Malam Garba, ai ce mini ka yi ta amince."

"Za ta amince," Garba ya ce. "Ƙuruciya ce. Saude, shiga gida."

"Ban amince ba, Yaya. Na gaya maka a zauren nan, yanzu kuma na faɗa a gaban shaidu. Ku gaya wa Alhaji na gode. In jan baki yake so, ya aiko ya saya kamar kowa."

Ɗaya daga cikin wakilan ya yi tsaki. "Wanda kike wa wannan haukan, uwarsa ma ta ce ba ta son ki. Duk gari ya sani."

"Na sani, Baba. Daga wurinta nake."

Ta miƙa hannu biyu ta ɗauki ƙwaryar goron. Ta fi yadda ta zata nauyi. Ta miƙe da ita, ta juya ta nufi ƙofar waje inda motar take, za ta mayar musu da goronsu.

"Saude!"

Ta tsaya. Tun da take ba ta taɓa jin yayanta ya kira sunanta da irin wannan murya ba.

"Kin kunyata ni a gaban manya, na haƙura. Amma wallahi in kika ƙetare dokin ƙofar nan da goron nan, ki nemi wani gidan. Ba ni ba ke."

Daga cikin gida ta jiyo matar yayanta ta fashe da kuka. A waje Rhoda na tsaye ta dafe ƙirji, tana girgiza mata kai.

Saude ta dubi dokin ƙofar. A bayanta ga yayan da ya goya ta, da ɗakinta, da duk abin da ta mallaka. A gabanta babu komai sai titi, da namijin da ta yi alkawarin ba za ta aura ba sai uwarsa ta aiko.

Ta waiwaya, hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa.

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya," ta ce.

Ta ɗaga ƙafa ta ƙetare.